Rijiyar Khola Zebo

Litinin, 6 ga Fabrairu

An sa rana. Alhamis, 27 ga Afrilu, zan tsaya gaban majalisar malamai in kare kundina. Shekara tara ina jan abin nan, har 'yan uwa sun gaji da tambaya.

Malamina, Ustod Sangin, ya kira ni ofishinsa, ya zuba mini shayi da hannunsa, ɗan kaɗan a gindin finjali, yadda ake wa wanda ake so ya daɗe a zaune. Ya ce, "Mohirajon, bayan raina ke za ki riƙe rijiyoyin nan." Na ɗora hannu a ƙirji na yi godiya.

Na buga wa Oca waya a ƙauye. Uwa dai uwa ce, ban gama magana ba ta shiga zancen shinkafar osh, dafadukan da za a yi a walima. Wai mutum ɗari biyu, ba za ta rage ko ɗaya ba.

Na sake karanta babi na farko. Ra'in Ustod a taƙaice shi ne ƙasa tana numfashi. Kafin girgizar ƙasa duwatsun ƙarƙashi suna matsewa, sai ruwan rijiya ya nuna alama. Rijiya bakwai a kwarinmu, shekara talatin da biyar, kullum safe wani ya zura igiya ya auna ya rubuta. Ni kuma na tattara, na nuna kowace girgiza da alamarta. Har yau in na karanta sai tsigar jikina ta tashi don kyansa.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Aka Sherali ya ɓata mini abincin rana. Mutumin nan na ɗakin ƙididdiga da ke bene, wanda muke kira Aka, wato yaya, shekara sittin a duniya amma bakinsa ba linzami. Ya zauna gabana da miyarsa, ya yago gurasata ba izini.

"Daktar gobe, barka. Tambaya ɗaya gare ni. Me ruwan nan zai yi ki ce Ustod ya yi kuskure?"

Na ce ban gane ba.

"In ya hau fa?" Na ce alama ce, dutse ya matse shi. "In ya sauka?" Na ce tsaga ta buɗe ta shanye shi. "In bai motsa ba sam?" Na ce Ustod ya yi bayanin wannan, ƙasa ce ta riƙe numfashi.

Ya kwashe da dariya har miya ta sarƙe shi. "Kai, ƙanwata! Ashe ko kakata mai duba da tsaba ta fi ku kasada. Ita kan ce baƙo zai zo Juma'a, in bai zo ba mu yi mata tsiya. Ku ta ina za a kama ku?"

Na ce ra'in da ya bayyana komai ai shi ne ra'i mai ƙarfi. Ya ce a'a, ra'i mai ƙarfi shi ne wanda ya hana wani abu, ya ce kaza ba zai faru ba, in ya faru ku binne ni. Na ɗauki kwanona na tashi. Tsohon banza mai hassada.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Tun safe nake neman abu ɗaya da ra'inmu ya hana ruwa yi. Ban samu ba tukuna.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Fushi ne ya kai ni, ba hankali ba. Na hau bene na sami Aka Sherali na ce, to gwada ni.

Ashe ya riga ya shirya, mugu. Zai ɗauki lambobinmu ya zana takarda arba'in, kowace ta kwana talatin. Ashirin na watan da ya gabaci girgiza, ashirin na watannin da ba abin da ya biyo baya. Duk zane iri ɗaya, ma'auni ɗaya, ba jan kibiyar da Ustod ke sakawa. Zai sa almakashi ya yanke kwanan wata, ya bar mini lokacin shekara kawai, sanyi ko bazara. Ni in raba su gida biyu.

"In kin ci talatin ko fiye, zan tsaya a zauren taro in sumbaci hannun Ustod gaban kowa. In kin tsaya wajen ashirin, to akuya ma in aka ba ta ta zaɓa da baki, abin da za ta ci ke nan."

Ya ce mu rubuta sharaɗin yanzu, tun kafin a ga sakamako, don kada gobe wani ya canza baki. Mun rubuta, mun sa hannu. Amsoshin zai sa a ambulan, in sa hannu a kan marfin.

Da zan fita ya tambaye ni, ya daina wasa, ko a shekara taran nan na taɓa duba zane ba tare da na san ranar girgizar ba. Na ce sau nawa! Ƙarya na yi. Ko sau ɗaya ban taɓa ba. Mukan fara daga ranar girgiza ne mu koma baya muna nema.

Litinin, 20 ga Fabrairu

Takardun sun iso. Na shimfiɗa su a kan tebur da ƙasa.

Ba na tsoro, don na san takardar Nigina tana ciki. Ita ce girgiza mafi girma a lissafinmu, dole ta shiga. Ko a mafarki aka nuna mini zanen nan zan gane shi, yana rataye a bangon Ustod, yana shafi na farko na littafinsa.

Bari in rubuta, ko da ni kaɗai zan karanta. Ina shekara bakwai, yayata Nigina tana sha ɗaya. Da hantsi ne, ta shiga ɗakin ajiya ɗebo gyaɗar bishiya, katanga ta faɗo mata. Rijiya ta farko ta Ustod tana ƙauyenmu, maƙwabciyarmu Khola Zebo ce ke aunawa. A watan nan dusar ƙanƙara ta rufe hanya, saniyarta kuma tana naƙuda, sai ta yi jinkirin aika littafin awo birni da mako biyu. Bayan an gama jana'izoji Ustod ya zo, ya buɗe littafin a gaban dattawa, ya sa yatsa ya ce alamar ta fito kwana goma sha ɗaya kafin girgizar, da lambobin sun iso shi da wuri da an fitar da mutane. Bai faɗa da mugunta ba. Shi ma kuka yake, hannunsa duk ciwo saboda tonon gawa.

Tun daga ranar Khola Zebo ba ta sake cin abinci a gidanmu ba. Shekara ashirin da tara. Oca ba ta taɓa faɗa mata baƙar magana ba, ba ta kuma taɓa ce mata ta shigo ba.

Wannan maganar ta Ustod ita ta kawo ni aikin nan.

Laraba, 22 ga Fabrairu

Wayyo Allah. Duk iri ɗaya ne. Kowace takarda na ɗauka sai in ga alama. Nan ya hau, nan ya sauka, nan ya yi shiru irin na riƙe numfashi. Da safe na sa ta tara a gefen girgiza, da azahar na mayar da ita, da la'asar na sake dawo da ita.

Ɗaya ce kawai ba na shakka, ta talatin da ɗaya. Ga gangarar nan, ga ɗan tudun da ke bayanta. Ita ce ta Nigina. Na riƙe ta na daɗe.

Juma'a, 24 ga Fabrairu

Goma sha tara.

Cikin arba'in, goma sha tara. Akuya ta fi ni da ɗaya.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Ranar Juma'a ban iya rubuta sauran ba.

Aka Sherali ya yage ambulan yana karantowa ina dubawa. Da farko yana tsokana, da muka wuce rabi sai ya koma karanta lamba kawai. Muka zo ta talatin da ɗaya. Ya ce, "Ba girgiza." Na ce sake dubawa. Ya sake. Watan sanyi ne na wata shekara da ko ƙofa ba ta motsa ba a kwarin.

Na ce to ina ta Nigina? Ya bi da yatsa. Ta goma sha bakwai. Na juya na duba inda na ajiye ta. Tana cikin tulin watannin lafiya, kuma na tuna ko minti ɗaya ban ɓata a kanta ba. Layi ne kusan miƙaƙƙe, da 'yar lanƙwasa ta santimita uku, irin wadda ake samu a kowane wata.

Ashe zanen bangon Ustod an ja shi ne a tsaye, santimita uku ta cika rabin shafi, ga jan kibiya ta nuna maka inda za ka duba.

Aka Sherali ya cire tabarau ya ce, "Mohira, wallahi ban san haka zai fito ba. Na so ki ci ni." Na ce ya rufe mini baki. Bai yi fushi ba, ya je ya kawo ruwa.

Yau ban fita ba, ban dafa komai ba. Baƙin ciki nake ji, irin wanda ba ya barin mutum ko kuka.

Alhamis, 2 ga Maris

Na gano! In aka bar rijiyoyi biyar aka ɗauki ta uku da ta biyar kawai, aka duba saukar da ta wuce santimita huɗu cikin mako guda, ban da watannin narkewar ƙanƙara, takardu talatin da ɗaya cikin arba'in ɗin ke faɗawa daidai. Kwana huɗu ina juya lambobin. Ra'in yana nan, idona ne ya gaza.

Na ruga bene wajen Aka Sherali har ina tuntuɓe. Ya saurare ni ya ce, "Sau nawa kika gwada kafin wannan ta fito?" Na ce ban ƙirga ba. Ya ce ƙirga. Na duba takardun shara, sun kai sittin.

"Kin ga amsa sannan kika ɗinka mata tambaya. Ko ni a ba ni gwaji sittin zan nuna miki girgiza tana bin ranar da matata ta dafa kabewa. Amma wannan karon kin zo da abin kirki, don yanzu ƙa'idarki tana iya faɗuwa. Rubuta ta yadda take, kada ki taɓa ko waƙafi. Zan kawo sababbin takardu arba'in da ba ki taɓa gani ba."

Na rubuta. Addu'ar da na yi yau ban yi irinta ba tun rasuwar Baba.

Talata, 7 ga Maris

Ashirin da ɗaya.

Ba abin da ya rage da zan jingina da shi.

Juma'a, 10 ga Maris

Oca ta bugo. Ta samo shinkafa mai kyau, buhu biyu, ta sa a ɗakin ajiya. An yi mata alkawarin karas rawaya. Wai in sayi sababbin takalma, kada in tsaya gaban manya da waɗannan na mahauta. Na ce to, Oca. To, Oca. To.

Shekarata talatin da shida. Ba miji, ba ɗa, ba gida nawa. Duk wanda ya tambaya sai in ce ina aikin da zai hana katanga faɗo wa yara. Yanzu me zan ce?

Talata, 14 ga Maris

Na faɗa wa Ustod.

Na je gidansa da gurasa biyu masu zafi. Na shimfiɗa takardun a kan tabarmar abinci, na yi bayani dalla-dalla. Ya saurara har ƙarshe, ba zan zalunce shi ba.

Ya ce ruwa ba ya magana da wanda bai san lokaci ba. Na ce an bar mini lokacin shekara a kan kowace. Ya ce alamar takan fito wata uku kafin girgiza a wasu lokutan, kwana talatin sun yi kaɗan. Na ce a littafinku kun ce kwana goma zuwa ashirin. Ya ce wannan na girgiza marar zurfi ne. Na ce to ku faɗa mini adadi ɗaya, ko wata uku ko shida, in rubuta, mu gwada. Ya ce ƙasa ba agogo ba ce, karatunta sai ido na gwani, shekara tara ba ta isa ba.

Nan ne shaiɗan ko gaskiya, ban san wanne ba, ya buɗe bakina. Na ce, "Ustod, to ku ku gwada. Ga su nan, arba'in ne. Ku nuna mini ta Nigina."

Ya dubi takardun. Wallahi na ga hannunsa ya taso, ya kusa taɓa ɗaya, sai ya mayar da shi kan gwiwa. Tsoro na gani a fuskarsa. Ban taɓa ganin haka ba, kuma da ma ban gani ba.

Ya ɗauki butar shayi ya cika mini finjali fal, yadda ake wa wanda ake so ya tashi, har yana zuba a hannunsa. Ya miƙo. Na shanye yana ƙona mini harshe, na tattara takarduna na fita. Matarsa ta biyo ni ƙofa tana cewa, "Haba 'yata, tsoho ne fa, me za ki samu?"

Mutumin nan shi ya sama mini gurbin karatu. Shi ya zauna kusa da Oca ranar jana'izar Baba.

Talata, 21 ga Maris

Navruz, bikin sabuwar shekara, a ƙauye. Kowa da sabon kaya, ni da takalman mahauta.

Khola Zebo ta tare ni a bakin rijiya, ba ta taɓa zuwa ƙofarmu. Ta tsufa, bayanta ya lanƙwashe. Ta ciro littafin awo daga cikin mayafi, a nannaɗe cikin leda kamar kullum.

"Duba da kyau, Mohirajon, ba ranar da na tsallake. Ranar da aka yi mini aikin ido ma sai da na auna kafin motar ta zo. Tun waccan shekarar rana ba ta taɓa riga ni zuwa rijiyar nan ba."

Ta ce ta ji zan zama dakta. "Allah ya sa ta dalilinki a yafe mini." Haka ta ce, tana kallon ƙasa.

Na dubi littafin a hannunta. In ce mata me? Cewa shekara talatin da biyar tana tashi cikin sanyi a banza? Na karɓi littafin na ce Allah ya saka. Matsoraciya.

Laraba, 29 ga Maris

A cibiyar bincikenmu ba wanda ke zama kusa da ni a ɗakin abinci sai Aka Sherali, shi ma don gurasata. Ustod in ya hango ni sai ya shiga ofishin da ya fi kusa.

Mataimakin shugaba ya kira ni. Ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya. "Apa Mohira, kundinki ya wuce duk matakai. Ba wanda zai tambaye ki wasan almakashin Sherali. Ki tsaya minti ashirin, a tafa, a ci osh. In kin zama dakta ki rubuta abin da kika ga dama. Watan Mayu Ustod zai cika saba'in da biyar, a bar shi ya yi bikinsa."

Abin haushin, maganarsa ta shige ni. Na fito ina jin sanyi a rai kamar an sauke mini kaya.

Na tambayi Aka Sherali ra'ayinsa. Ya ce shi ba limami ba ne. Ya ce abu ɗaya kawai, in na sa hannu, wata yarinya za ta zo bayana ta karanta kundina ta ba shi shekara tara nata. Na ce Allah ya isa tsakanina da almakashinsa. Ya ce amin.

Litinin, 3 ga Afrilu

Na gwada karanta jawabin kariyar a gaban madubi. Na kai wajen "alamar ta fito kwana goma sha ɗaya kafin girgizar", harshena ya ƙi. Sau uku.

Litinin, 10 ga Afrilu

Na janye kundin. Layi biyu na rubuta, sakatariya ta buga hatimi ba ta ɗago kai ba. Shekara tara, ko minti biyar ba a yi ba.

Oca a waya: "Kin haukace? Na faɗa wa dangin Babanki! Na faɗa wa har mutanen ƙetaren kogi! Wa ya aike ki bincike? Ki karɓi takardarki mana, wa zai sani?" Na ce ni zan sani. Ta ce, "Ke da saninki ku ci buhu biyu na shinkafa." Ta kashe.

Ban faɗa mata zancen takarda ta goma sha bakwai ba. Ba maganar waya ba ce.

Ba na jin na yi jarumta. Ji nake kamar na rushe gidan da nake ciki don na gano ba shi da tushe, ga shi yanzu ina tsaye a fili.

Talata, 18 ga Afrilu

Aka Sherali ya ajiye mini wani zane a tebur. Ya ɗora lambobin rijiyar Khola a kan na kogi. Duk shekara, in kogi ya cika da narkakkiyar ƙanƙara, rijiyar takan hau bayan kwana tara zuwa goma sha biyu. Shekara talatin da biyar, kusan ba fashi.

Na ce to sai me? Wannan ai ba ya ceton kowa. Ya ce ƙwarai, ƙaramin abu ne, amma yana faɗin rana, yana faɗin adadi, in ya yi ƙarya bana za mu kama shi. Ya ce kuma ba don tsohuwar nan ba ta taɓa fashi ba, da ba mu isa mu gane komai ba, har kuskuren namu. "Ki san abin da kogi ke yi wa ruwan tukuna. In akwai wani abu a ƙarƙashinsa, sai a lokacin za ki gan shi. In akwai."

Na ture zanen gefe. Daga hana mutuwa na dawo lissafin cikar kogi.

Alhamis, 27 ga Afrilu

Yau ce ranar da aka sa. Na wanke labule.

Laraba, 3 ga Mayu

Ba a gayyace ni bikin Ustod ba. Na ji an yi jawabai goma sha huɗu.

Na ɗauko zanen kogin, don ba ni da abin yi. Kogi ya cika ranar 29 ga Afrilu. Na rubuta a takarda cewa rijiyar Khola za ta hau da santimita ashirin ko fiye tsakanin 8 da 11 ga Mayu, in ba ta hau ba na yi kuskure. Na sa a ambulan na kai wa Aka Sherali bene. Ya sa hannu a marfin yana murmushin nan nasa mai ban haushi. A shekara tara ban taɓa rubuta jimlar da za ta iya kayar da ni ba.

Asabar, 6 ga Mayu

Ƙauye. Na zo da takarda ta goma sha bakwai da wasu tara na watannin lafiya.

Oca na fara nuna wa. Na jera su a kan tabarma na ce ta nuna mini wadda ta bambanta. Ta ce ita ba ta yi makaranta ba. Na ce ba ruwan makaranta, duba kawai. Ta duba ta ce duk ɗaya ne. Na ɗaga ta goma sha bakwai na ce wannan ce ta watan Nigina. Ko da littafin ya isa birni a kan lokaci, ba abin da kowa zai gani a ciki. Ba Ustod ba, ba ni ba, ba kowa ba.

Ta karɓi takardar ta sake dubawa. Sai ta ce, "To Zebo fa?" Na ce Khola Zebo ba ta yi komai ba. Ta ce, "Shekara ashirin da tara ina gaishe ta ta kan katanga." Ta tashi ta shiga ɗakin ajiya. Na ji tana jan buhu.

Na sami Khola tana tsefe ulu a ƙofarta. Na durƙusa na faɗa mata, da sauƙin kalmomin da na iya. Ba ta gane ba da farko, ta ɗauka wani laifin ta sake yi. Na maimaita. Na ce, Khola, ruwan bai ce komai ba a watan nan. Ko da kin kai littafin da ƙafarki a ranar, Nigina za ta shiga ɗakin nan.

Ta ce, "Amma Ustod ya sa yatsa." Na ce Ustod ya yi kuskure, ni ma na yi, shekara tara. Ta ce, "Kin tabbata? Kada ki faɗa don ki faranta mini." Na ce wannan kaɗai na tabbata da shi a duniya, don na yi iya ƙoƙarina in ƙaryata shi na kasa.

Ta sa ulun a fuska. Kukan tsohuwa ba daɗin ji. Na zauna kusa da ita har ta gama.

Da ta share ido ta ce, to ta daina aunawa ke nan? Na ce a'a, ina bukatar lambobin ranar takwas zuwa sha ɗaya, akwai abin da na ce zai faru, ina so in ga ko na yi ƙarya. Ta ce, "Ku dai 'yan boko ba ku gajiya."

Da la'asar Oca ta leƙo ta kan katanga, cokali a hannu, fuska a ɗaure. "Zebo! Shinkafar mutum ɗari biyu gare ni, wannan 'yar ta bar ni da ita. Za ki shigo ko sai na aiko miki da takardar gayyata?"

Ta shigo. Ta tsaya a bakin ƙofa tana neman inda za ta ajiye takalmi. Oca ta zuba mata shayi kaɗan a gindin finjali, ta ƙara, ta ƙara. Ba su yi zancen Nigina ba. Zancen ciwon gwiwa suka yi.

Lahadi, 7 ga Mayu

Har yanzu ba ni da digiri, ba ni da malami, ban san abin da zan ce wa dangin Baba ba. Girgiza za ta sake zuwa kwarin nan, kuma ba wanda zai sani kafin ta zo. Wannan bai canza ba, kada in yaudari kaina.

Rana ta fito, ta hau, ba motsi a gidan Khola. Gabana ya faɗi. Oca ta taka dutse ta leƙa ta taga, ta sauko tana toshe baki kada dariya ta fito. Barci take yi, har da minshari.

Oca ta ce kada wanda ya tashe ta. Na ɗauki igiyar daga ƙusar da take rataye ta, na je na zura. Mita huɗu da santimita goma sha ɗaya. Na rubuta a littafinta, ƙarƙashin lambar jiya, na nannaɗe shi cikin ledar. Ban nemi alamar komai a ciki ba.

Gobe takwas ga wata.